Kwanon Gidan Wa Ya Rage?

Asabar, 4 ga Zulhajji 1446 (31 ga Mayu 2025)

Raguna biyu sun kwana a gidan. Jiya Juma'a, ranar kasuwar Wudil, maigidan da ƙanensa suka yi sammako, ba su dawo ba sai da aka fito daga sallar isha'i. Ɗaya uda ne, gabansa baƙi ƙirin, bayansa fari tas. Wannan na Hajiya ne, mahaifiyar maigidan, 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka saya mata. Ɗayan ɗan ƙasa ne madaidaici, shi ne namu. Ƙanen maigidan bana watanda ya shiga da abokan aikinsa, za su kayar da sa washegarin sallah su raba kashi-kashi. Ya faɗa wa Hajiya a tsakar gida ba kwana-kwana, ta ce ya kyauta, gara haka da sallah ta wuce ta bar mutum da bashi.

Sun ce dabbobi ga su nan birjik, masu saye ne suka yi ƙaranci. Dillalai kuwa bakinsu ɗaya: a cikin watan Mayun nan gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta, abin da aka saba gani yana kwararowa ta Maigatari da Mai'aduwa ya ja baya, kuɗi ya hau.

Da hantsi Hajiya ta sa aka fito mata da kujera 'yar tsugunne. "Ku kawo min su nan." Ta sa aka buɗe bakin udan ta ga haƙora, ta leƙa idanu, ta kama kunne ta juya, ta sa yaro ya ja shi zuwa bakin rijiya ya dawo don ta ga takunsa. Ba ta taɓa zama gaban malami ta karanta Risala ba, amma shekara da shekaru tana jiyo mijinta marigayi Alhaji yana biya babin layya a soro duk goman farkon wannan wata, har ya zauna mata daram: mai ido ɗaya ba ya yi, gurgu ba ya yi, mara lafiya da ramamme ba sa yi, kuma sai ya cika shekara. Da ta gama da na biyun ta ce, "Sun yi. Allah ya karɓa." Sai a lokacin na ga maigidan ya saki fuska.

Da daddare labarin Mokwa ne a rediyo, ambaliyar da ta afka wa garin ranar Alhamis, an ce an ƙirga gawa fiye da 150. Hajiya ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba.

Litinin, 6 ga Zulhajji

Na karɓo ɗinkin yara. Shaddar maza tun kafin watan ya kama muka yanko ta a Kantin Kwari, shi ya sa muka tsira daga cunkoson tela. Daga nan na biya Kasuwar Rimi na sayo citta, kanumfari, masoro, kimba da busasshen barkono. Yaran gidan sun raba aikin ragunan a tsakaninsu, wani dusa, wani harawa, wani ruwa. Auta ta raɗa wa namu suna, na hana ta, don na san kukan da za a sha ranar Juma'a.

Laraba, 8 ga Zulhajji

An tabbatar bana ma babu hawa. Tun babbar sallar bara ba a yi cikakken hawa a Kano ba saboda takaddamar sarauta, kuma abin ya fi yi wa yara ciwo. Babban ɗana ya ce a Disambar da ta wuce UNESCO ta sa hawan Kano cikin abubuwan gadon al'adun duniya, ga shi kuma ƙanwarsa ba ta iya tuna ko da jahi ɗaya.

Hajiya ce ta ɗebe musu kewa, ana yi mata kitso tana ba da labari. A farkon sarautar Ado Bayero aka kawo ta gidan nan, shi kuwa ya hau a 1963 ya yi shekara 51 a kan karaga, don haka kusan duk hawan da ta sani nasa ne. Ta ba su labarin Hawan Daushe, yadda Sarki ke fita da yamma washegarin sallah ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi ta kawo jahi, da yadda ƙarar bindigogin 'yan bindiga ke sa goyo ya ƙanƙame uwarsa. Ta kwaikwayi kakaki da baki, yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya, mai kitso tana cewa, "Hajiya, ku tsaya da kan nan don Allah."

Yau ne ƙunshi. 'Yan mata sun zauna a layi an miƙe ƙafafu, masu jan lalle da salatif, masu baƙi na zane. Hajiya nata irin na da ne, a dama lalle a lafta a tafin ƙafa a ɗaure da leda da tsumma ya kwana. Ni da facalata muka daka yaji, turmi biyu, har atishawa ta kori kowa daga tsakar gida.

Alhamis, 9 ga Zulhajji

Ranar Arfa. Manya duk da azumi, har da babban ɗana da ƙanwarsa. Da azahar ƙanwar maigidan ta kira ta WhatsApp daga filin Arfa, muryarta ta dushe, tana tambaya wa ke da saƙon addu'a. Hajiya ta karɓi wayar ta jero mata sunaye, na raye da na mace, har layin ya yanke.

Zafi ya yi tsanani, hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Abin da ke damun Hajiya ke nan, don al'adar gidan nan rago ba a taɓa jikinsa ranar sallah, rataye shi ake yi ya kwana ya tsane. Shekarar da aka kawo ni, 2007, a Disamba aka yi layya, cikin hunturu. Nama a kan igiya kwana biyu ya bushe ƙayau, ko ƙuda babu. Amma sallah tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara, ga ta yanzu ta iso bakin damina. Hajiya ta ce wannan ne karo na biyu da take ganin haka, na farko a farkon shekarun 1990, kuma ta tuna gidajen da nama ya yi musu wari a lokacin. Ta yanke hukunci a rataye a soro inda iska ke ratsawa, a buɗe ƙofofi biyun, gari na wayewa a sauke.

Mun jiƙa shinkafar waina, an kai niƙa, an kwaɓa an rufe. Maigidan yana bakin rijiya yana wasa wuƙa a dutse, gashin baki da farce duk sun taru, tun da watan ya kama bai taɓa su ba.

Juma'a, 10 ga Zulhajji

Tun kafin kiran assalatu tanda take kan wuta. Miyar taushe ta kwana a haɗe, kabewa da gyaɗa da yakuwa, ɗumamawa kawai aka yi. Yara suka ci, maigidan bai ci ba. A ƙaramar sallah sai an karya ake fita, a wannan kuwa mai layya yana jira ya fara da hantar dabbarsa.

Maza suka tafi Idi Ƙofar Mata suna kabbara, sabuwar shadda tana ƙara, turare ya cika soro. Da suka dawo ba a taɓa rago ba sai da aka tabbatar liman ya yanka nasa, don wanda ya riga liman nama kawai ya ci. Maigidan ya yanka namu da hannunsa. Na Hajiya malamin unguwa ta wakilta, ta tsaya daga bakin ƙofa da mayafi tana kallo har ya daina shure-shure. Auta tana ɗaki ta cusa kai cikin filo.

Mahaucin da ke mana fiɗa ya zo da yaransa biyu, yana sauri, gidaje da yawa na jiransa, ga kuma sallar Juma'a. Ya tsaga fatar ƙafa ya hura, ragon ya kumbura, sannan ya bi shi da dunƙulen hannu yana raba fata da tsoka, wuƙa sai inda ta kama dole. Da ya gama Hajiya ta sa aka ƙirga masa ladansa da kuɗi a hannu, sai da ya sa a aljihu sannan ta ce a ɗebar masa nama. Kullum haka take yi, don ba a biyan mahauci da naman layya, kuma ba a sayar da komai nata, ko fata. Fatun biyu makarantar allon unguwa aka kai.

Sauran yinin na mata ne. Kayan ciki a manyan robobi, mu huɗu a bakin magudana. Wanke tumbi da hanji aiki ne da ba ya son gaggawa, a juye, a murje, a ɗauraye, a sake. 'Yata ta koyi kitsa hanji bana, facalata ta riƙe mata bakin tana nuna mata. Hantar aka fara gasawa a kan garwashi, aka barbaɗa yaji, aka kai wa Hajiya da maigidan, sannan kowa ya samu yanka ɗaya. Yaran maza suna waje suna babbakar kai da ƙafa, ƙauri ya game unguwa, kowane gida hayaƙi ne ke tashi.

Bayan sallar azahar aka fara kabbarorin bayan salla. Hajiya ta fi kowa kula da su, daga ɗakinta take ɗaga murya don yara su ji su bi.

Asabar, 11 ga Zulhajji

Naman ya kwana lafiya. Ƙarfe bakwai mahauci ya dawo ya sassara, aka shimfiɗa tabarma aka ɗora leda, aka tara tsoka gefe, ƙashi gefe, kitse gefe. Aka fito da duk wani kwano da samira da ke gidan. Hajiya ta zauna a kujerarta, ta ɗaura ɗankwali sosai, ta ce, "Malama, matso kusa." Haka take kirana tun da na fara koyarwa.

Ba ta da takarda. Nunawa take yi da bakin mafici. "Cinyar nan gidan su Malama." Ko yaushe da gidanmu take farawa, kuma ko yaushe sai na sunkuyar da kai. Ɗaya cinyar gidan su facalata, duk da mijinta bai yanka ba, daga ragon Hajiya aka cire. Wuya na malamin da ya yanka. Kafaɗa gidan Baffa a Yakasai. Maƙwabta na dama da na hagu da na bayan gida, kowa tsoka da ƙashi da ɗan kitse, don kada miyarsa ta yi salam.

Daga nan sai gidajen da na daɗe ina tambaya kafin in san dalilinsu. Akwai wani gida a Ɗorayi, 'ya'yan matar da ta shayar da maigidan ne lokacin da Hajiya ta kwanta ciwo bayan haihuwarsa, matar ta rasu tuntuni amma 'ya'yanta 'yan'uwansa ne na nono. Akwai 'yar ungozomar da ta yanke wa yaran gidan nan cibiya. Akwai maƙwabciyar da suka sayar da gidansu suka koma Sheka. Akwai wata tsohuwa a Kurna, mijinta shi ke yi wa Alhaji dakon kaya a Kwari. Waɗannan gidaje ba sa yanka, babu abin da zai dawo daga wurinsu, kuma na lura su take zaɓar wa tsokar gadon baya, wadda ba ƙashi, mai laushin da tsoho zai iya taunawa.

Sai Gwaggo, ƙanwar Alhaji. Tun rabon gado ba ta taka gidan nan ba, ko a biki suka haɗu da Hajiya gaisuwa ce a tsaitsaye. Hajiya ta sa aka zuba mata haƙarƙari da tsoka a samira mai murfi, sabuwa. Babu wanda ya ce uffan.

Facalata ce ta yi maganar da na san tana ranta tun bara. Cikin ladabi ta yi ta. "Hajiya, da za ku yarda, na nesa ɗin nan a tura musu kuɗi ta waya. Kuɗin adaidaita sahu zuwa Kurna da dawowa ya kusa sayen naman. Sauran kuma a sa a firiza, yara su daɗe suna ci." Lissafinta daidai ne, kuma ba rowa ce ta sa ta faɗa ba, ita ke riƙe da cefanen ɗakinta ta san yadda abubuwa suke. Hajiya ta ci gaba da nuna kwano, can ta ce, "Kuɗi ba ya sallama a ƙofar gida, 'yar nan."

Ni a nan ina bayan Hajiya, kuma na ga dalili da idona. Yara ne ke kai naman, babba a haɗa shi da ƙarami. Kafin su fita sai ta yi musu bita: ka durƙusa, ka ce Hajiya na yi mata barka da sallah, ka tambaye ta ƙafarta, kada ka karɓi tukwici a gidan wance. Babban ɗana ya san lungun da ake bi a shiga gidan Ɗorayi, ya san wace ce a ciki da yadda suka haɗu da ubansa, saboda tun yana riƙe da hannun wani ake aikensa, yau shi ke riƙe da hannun auta. 'Ya'yan wasu ƙawayena da ke sababbin unguwanni ba su san gidan kawunsu ba sai a mota, kuma na san gidajen da rago ke shiga firiza ɗungurungum, a kai wa maigadi leda ɗaya. Ba su saɓa wa shari'a ba, malamai sun ce babu ƙayyadadden kaso a mazhabarmu, a ci, a yi sadaka, a yi kyauta. Amma da can, ko mutum bai so ba, zafi da ƙuda suna tilasta masa ya fitar. Yanzu da za a iya ajiyewa, sai wanda ya yi niyya, kuma niyyar tana buƙatar wanda ya san gidajen.

Can wajen ƙarfe goma Hajiya ta dubi tabarma ta yi tambayar da take rufe rabo da ita duk shekara: "Kwanon gidan wa ya rage?" Muka yi shiru muna dubawa. 'Yata ta ce, "Hajiya, ba ki ce gidan mai ƙosai ba." Tsohuwar da ke suya a bakin titi ce shekarun baya, yanzu ido ya tafi, tana wurin ɗanta a Gwammaja. Ban taɓa ganin Hajiya ta tsallake gida ba sai yau. Ta kama haɓa, ta dubi yarinyar, ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ɗauko kwano, ke za ki kai."

Da la'asar 'yan aike suka fara dawowa, ƙafafu buɗu-buɗu. Kowa sai ya tsuguna gabanta ya ba da rahoto. Tsohuwar Kurna ɗakinta na zuba, ga damina ta zo. A Ɗorayi an sa ranar 'yarsu bayan sallah. Ta Sheka ta yi jika. Hajiya ta kira maigidan ta ce ranar Talata ya tura mai gyara ya duba kwanon ɗakin Kurna. A daidai wannan lokaci ne da ake Hawan Daushe, yau kuwa ko kiɗa ba mu jiyo ba.

Lahadi, 12 ga Zulhajji

Suya. Tun jiya da yamma aka tafasa naman da albasa da citta da gishiri, yau aka narka kitsen a babbar tukunya aka dinga soyawa da shi har ya yi ja, ya bushe, yadda zai yi makonni bai lalace ba ko babu wuta. Kakiden da ya rage aka juye a kwano ya daskare, na miyar kuka ne da ɗumame. Fuskokinmu duk sun yi maiƙo, idanu sun yi ja da hayaƙi. Almajirai suna ta sallama, Hajiya ta sa an ware musu tasa guda tun farko, kowa ya zo a sa masa yanka biyu da waina.

Nama kuma yana ta shigowa, daga Yakasai, daga gidanmu, daga maƙwabta, ga kason watanda. Ɗan facalata ya tsaya yana kallo ya ce, "Ashe abin da muka fitar ya dawo." Kusan haka ne.

Yara sun yi kwalliya sun tafi yawon sallah, rabi gidajen dangi, rabi Gidan Zoo. Sun dawo da magariba suna ƙirga goron sallah a kan tabarma, ana rigimar wanda aka ba don a raba. Samirar Gwaggo ta dawo ta hannun jikanta, da dambun nama a ciki da ƙwaryar goro a ɗaure a ganye. Ita ba ta zo ba. Hajiya ta tsayar da yaron ta tambaye shi lafiyar kakarsa dalla-dalla, ta ba shi kuɗin mota, ta ɓare goro ɗaya ta ci.

Litinin, 13 ga Zulhajji

Da sallar asuba aka rufe kabbarori, salla 15 ke nan tun azahar ɗin Juma'a. Ruwa ya sauka cikin dare, mai ɗan yawa, 'yan'uwan da suka zo daga ƙauye suna ta haramar komawa don shuka.

Jelar ragon Hajiya tun ranar Asabar aka ware ta, aka shafe da gishiri, aka rataye a saman murhu tana shan hayaƙi. Ta cika-ciki ce, sai watan Muharram ya kai tara zuwa goma za a sauke ta a yi miya, a yi tuwo mai yawa kowa ya ci ya ƙoshi, taubasai su zo neman kuɗin shara. Saura wata guda. Bana saboda danshi Hajiya ta ce a dinga duba ta duk bayan kwana biyu, idan ta fara fari a goge a mayar kusa da wuta, kuma 'yata ta ɗora wa aikin.

Mun daka dambun nama da abin da ya rage na cinya, mun wanke tukwane da toka, an mayar wa maƙwabta babbar tukunyarsu da ɗan soye a ciki. Da yamma maigidan zai kai ni gidanmu in yi wa su Inna barka da sallah. Hajiya ta ce in biya ta Gwammaja tunda hanya ce, mai ƙosai ta aiko jiya tana tambayar wace ce uwar yarinyar da ta kai mata nama.